BITX: Rediyon Haɗin Gida Da Ke Kai Murya Wata Nahiya

Wajen shekarar 2003, wani injiniya ɗan birnin Haidarabad na ƙasar Indiya mai suna Ashhar Farhan ya hau jirgin sama daga Turai zai koma gida. Tafiyar awa shida ce, kuma ba ya riƙe da komai sai takarda da fensir da kalkuletar wayarsa. Kafin jirgin ya sauka ya gama zana taswirar wani rediyo mai karɓar magana da aika ta, wanda mutum zai iya haɗawa a kan teburin ɗakinsa. Ya sa masa suna BITX. Ƙarfinsa bai fi wat 6 ba, ƙasa da abin da ƙaramin ƙwan fitila yake ci, amma idan yanayi ya yi kyau yakan ɗauki muryar mutum daga wata nahiya ya sauke ta a wata.

Abin da ya dami Farhan shi ne halin da 'yan ƙasarsa masu sha'awar rediyo suke ciki. Sun ci jarrabawa, sun karɓi lasisi, amma na'urorin kamfanonin Japan irin su Icom da Yaesu da Kenwood sun fi ƙarfin aljihunsu. Taswirorin da ke cikin littattafan Amurka da Turai kuwa cike suke da kayan da ba a samu a kasuwar Indiya. Shi ya sa ya gina nasa a kan abin da ke rumfar mai gyaran talabijin, ya kuma saki taswirar kyauta ga duk mai so.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

Duk wanda ya tashi yana jin mai gabatarwa na cewa a kama tasha a kan mita 16 ko 19 ko 25, ya riga ya san gajeren zango. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa ake murɗa akwatin rediyo a ƙasar Hausa ana neman waɗannan mitoci. A tsakankanin zangunan manyan tashoshin akwai wasu 'yan filaye, irin su mita 80 da 40 da 20, waɗanda dokar duniya ta keɓe wa ɗaiɗaikun mutane. Ba a talla a cikinsu, ba a kiɗa, ba a neman kuɗi. Ƙa'idojin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun ce an ware su ne domin koyar da kai, da zantawa tsakanin masu lasisi, da gwaje-gwajen fasaha.

Waɗannan mutane ne suka gano darajar gajeren zango tun farko. A 1912 dokar Amurka ta kore su zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, domin a lokacin ana ganin wurin ba shi da amfani. A watan Nuwamban 1923 sai ga Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa yana musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan zangon da ke kusa da mita 100. Sirrin yana can sama, inda hasken rana ke cajin wani sashe na sararin samaniya, shi kuma ya lanƙwaso igiyar rediyo ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Wannan ne ya sa ɗan ƙarfi kaɗan ke isa, matuƙar eriya tana da kyau kuma an dace da lokaci.

Yadda cikinsa yake

BITX na farko yana aiki ne a megahaz 14, wato mita 20. Igiyar da ta shigo ta eriya tana haɗuwa a cikin mahaɗi da wata ta kusan megahaz 4 da rediyon ke haifarwa da kansa. Idan an cire huɗu daga sha huɗu saura goma, kuma a nan ne aka girke mataci, wanda aka yi da 'yan ƙiristal na megahaz 10 masu araha, irin waɗanda ake sa wa kayan lantarki na yau da kullum. Matacin ba ya barin komai ya wuce sai siririyar hanya mai faɗin da bai kai kilohaz 3 ba, daidai muryar mutum ɗaya. Daga nan a mai da ita sauti, wani ɗan guntu mai suna LM386 ya ƙara mata ƙarfi, ta fito ta lasifika.

Dabarar Farhan ita ce idan za a aika magana, wannan hanyar ce dai ake bi, sai dai ta baya. Kowane mataki na ƙara ƙarfi yana da transista biyu da suka ba juna baya, ɗaya na aiki lokacin saurare, ɗayan lokacin magana. Da mutum ya danna maɓallin makirfo, wuta ta bar wannan ta koma wancan. Ta haka mataci ɗaya da jerin mahaɗai guda suka wadatar, kuɗi ya ragu, wahala ta ragu.

Kayan ma abin dubawa ne. Transistocin BC547 ne, waɗanda kowane mai gyara ke da su a gwangwani. Maimakon zoben musamman da ake naɗa waya a kai, wanda sai an yi odarsa daga waje, Farhan ya yi amfani da washar roba ta kan famfo. Wasu taransifomomin ya naɗa su a kan ɗan baƙin dutsen da ke cikin mahaɗar eriyar talabijin. Matakin ƙarshe kuwa IRF510 ne, transistar da aka ƙera domin kunna wuta da kashe ta a na'urori, ba domin rediyo ba. Masu sha'awa sun gano tana iya aikin, kuma idan ta ƙone ba a yin asarar da za ta hana barci.

Ba dole sai an buga allo na musamman ba. Da yawa suna ɗaukar farantin da aka shafe fuskarsa da tagulla, su liƙa ƙafafun kayan kai tsaye da dalma, sauran ƙafafun su haɗu da juna a sama. Wes Hayward, injiniyan Amurka da ya yi fice a wannan fage, ya yaɗa salon tun 1981. Ba shi da kyan gani, amma faɗin tagullar yana hana matakai tsoma baki a aikin juna, kuma canza abu ɗaya ba ya ɗaukar minti biyu.

Ranar da ya ƙi magana

Kusan duk wanda ya haɗa rediyo ya san wannan rana. An gama liƙi, an jona batir mai bolt 12, an murɗa, shiru. A nan ne ake gane amfanin shawarar da tsofaffin hannu ke bayarwa, cewa a gina mataki ɗaya a gwada shi kafin a wuce. Wanda ya liƙa kaya ɗari biyu a zama ɗaya ya ba kansa wurare ɗari biyu na zargi.

Ana fara bincike ne daga wuta. Shin bolt 12 ɗin ya isa kowane mataki? Sai a bi transistoci da na'urar awo. Lafiyayyar transista mai aiki takan nuna kusan bolt 0.6 zuwa 0.7 tsakanin ƙafar shiga da ƙafar da ke gangarawa ƙasa. Idan an ga sifili, ko an ga adadi mai yawa, to matsalar tana nan kusa, kuma sau da yawa juya ƙafafun aka yi, domin transistocin BC547 da 2N3904 suna kama da juna amma jerin ƙafafunsu ya saɓa.

Idan wuta lafiya, sai a bi sawun sauti daga lasifika zuwa baya, kamar yadda mai noman rani ke bin magudana kwami bayan kwami har ya ga inda ruwa ya tsaya. A taɓa mashigar LM386 da bakin sukundireba. Idan lasifika ta yi gurnani, wannan sashe ya fita zargi. A matsa zuwa matakin da ke gabansa, a sake taɓawa. Inda amsa ta ɗauke, nan ne laifin yake.

Laifin da ya fi kama sababbin shiga ƙarami ne ƙwarai. Wayar tagullar da ake naɗa koyil da ita tana da wani siririn fenti mai hana wuta wucewa. Idan ba a kankare bakinta da kyau ba, dalma za ta zauna a kai tsaf, ido ya ga an liƙa, alhali wuta ba ta ratsawa. Na biye da shi dalmar da ba ta narke sosai ba, wadda ke fitowa dusu-dusu maimakon ta yi sheƙi.

Akwai kuma cututtukan da sai rediyo ya fara aiki suke bayyana. Wani za a kama tasha, bayan 'yan mintoci murya ta zame ta koma wani wuri. Zafi ne ke sauya girman koyil da kwandansa a sashen da ke haifar da megahaz 4, kuma maganinsa a sa kwandansa nau'in NP0 da zafi bai cika damunsu ba, a rufe sashen a cikin gwangwaninsa, nesa da transistar ƙarshe. Wani kuma matakin ƙarshe ne zai riƙa jin muryar kansa, ya kama ihu shi kaɗai, ya ja wuta mai yawa har IRF510 ta ƙone. Yawanci wayoyi ne suka yi tsawo, ko mafita ta kusanci mashiga.

Ba a gwada aikawa babu kaya a bakin eriya. Ana haɗa abin da zai shanye ƙarfin ya mai da shi zafi, mai nauyin om 50, domin kada transista ta lalace kuma kada a dami masu magana a zango. Rizista ashirin masu om 1,000 idan aka jera su kafaɗa da kafaɗa suna ba da 50 cif. Eriyar kanta lissafi gare ta: a raba 143 da adadin megahaz, a sami tsawon waya a mita. Ga megahaz 14 kusan mita 10 ke nan, a yanka biyu, a ciyar da ita ta tsakiya, a ɗaga ta sama iya iko. Wajibi ne ta yi nesa da wayar lantarki, kuma a cire ta daga jikin rediyo da zarar hadari ya haɗu.

Kowa da gyaransa

Da yake taswirar a buɗe take, BITX bai tsaya yadda aka haife shi ba. A 2016 kamfanin HF Signals na Haidarabad ya fara sayar da BITX40 na mita 40, allon a haɗe, mai saye ya ƙarasa jona makunnai da lasifika ya sama masa akwati. Wata ƙungiyar mata ce a birnin ta riƙa naɗa koyil ɗinsa da hannu, suna samun abin masarufi. An kuma kawar da matsalar zamewar murya ta hanyar sa ƙaramar kwamfutar Arduino da wani guntu mai suna Si5351, wanda ke haifar da igiya bisa lissafi. A 2017 aka fitar da uBITX, mai ratsa gajeren zango daga megahaz 3 zuwa 30, daga baya kuma sBITX mai ɗauke da kwamfutar Raspberry Pi.

Masu saye ba su ɗauki waɗannan a matsayin kayan da aka gama ba. Wasu sun ƙara da'irar da ke daidaita ƙarar sauti don kada tasha mai ƙarfi ta fasa kunne. Wasu sun sake rubuta manhajar Arduino ɗin, suka sa masa allon taɓawa. Akwatuna kuwa an gani iri-iri, daga gwangwanin biskit zuwa katako.

Gyara mafi muhimmanci ya shafi tsabtar abin da rediyon ke fitarwa. Duk na'urar aikawa tana haifar da 'ya'yan igiya a ninkin zangonta. Mai magana a megahaz 7 yana iya ɓulla a 14 da 21 bai sani ba, ya shiga hakkin wasu. Dokar Amurka ta ce irin wannan ɓarɓashi kada ya wuce kashi ɗaya cikin 20,000 na ƙarfin ainihin igiyar. Masu na'urorin awo sun auna uBITX na farko-farko suka ga a wasu zanguna bai cika sharaɗin ba, suka bi sawu har zuwa yadda aka jera matatan ƙarshe da makunnansu, aka gyara a fitowar da ta biyo baya. A da, irin wannan awo sai ɗakin gwaji na jami'a ko kamfani. Yanzu ƙananan na'urori irin su NanoVNA da tinySA, masu girman tafin hannu, sun kawo shi teburin ɗalibi.

Kafin a danna maɓalli

A galibin ƙasashe saurare ba ya bukatar izini, amma aikawa sai da lasisin hukuma, wanda akan bayar bayan jarrabawa a kan lantarki da dokokin zango. Mai lasisi yana samun lambar kira wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Ta Farhan ita ce VU2ESE. Lambobin yankinmu ba su da yawa a zango, shi ya sa idan ɗaya ta yi kira, tashoshin Turai da Japan da Amurka kan yi mata rubdugu, kowa na son ya rubuta ta a littafinsa.

Mai gyaran rediyo ko waya da ya iya riƙe ƙarfen dalma da na'urar awo ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata. Hanyar da aka saba bi ita ce a fara da ɓangaren saurare kaɗai, daga LM386 zuwa mataci zuwa mahaɗi, ana gwada kowanne. Idan an ɗaga waya mai mita 10 aka murɗa tsakanin megahaz 14.1 da 14.35 da yamma, a nan ake jin masu lasisi suna faɗin lambobinsu, da ƙarfin da suke jin juna, da irin na'urar da kowa ke magana da ita. Ɓangaren aikawa sai ya jira ranar da lasisi ya fito.