Mai Tallar Giya a Filin Wasa: Yadda Aikin Yake da Nauyin da Ke Kansa

Gabatarwa

A darasinmu na ɗa'ar aiki mun saba cewa fasto ba zai iya ba da shawara mai kyau a kan sana'ar da bai san yadda ake yin ta ba. A wannan karon za mu ɗauki misali daga Amurka, wato aikin masu tallar giya a filayen wasan besbol. Waɗansu 'ya'yan ikkilisiyoyinmu da suka tafi can karatu ko neman abinci sukan tarar cewa irin wannan aiki yana cikin waɗanda baƙo ya fi saurin samu, suna kuma iya kiran faston gida a waya don neman shawara. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake tambayarmu a kai.

Yadda aikin yake

Besbol wasa ne da ake buga ƙwallo da sanda, ana kuma yin sa zagaye tara. A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, 81 daga ciki a filinta. Yawancin wasannin suna faɗuwa tsakanin Afrilu da Satumba, don haka aikin na lokaci ne, ba na shekara duka ba.

Mai tallar ba ya zama a shago. Yana karɓar kaya daga ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin kujeru, ya ɗauka a babban mazubi, ya riƙa hawa da sauka a matakala yana kiran ciniki da ƙarfi, kamar mai talla a tashar mota. Gwangwani 24 na kusan rabin lita kowanne sun haura kilo 11, ban da nauyin ƙanƙara da mazubin. Da kaya sun ƙare sai ya koma da sauri ya sake ɗauko waɗansu. Gwiwa da baya da maƙogwaro su ne suke fara gajiya.

A filaye da yawa ba albashi tsayayye ake biyansa ba. Kamasho yake samu a kan abin da ya sayar, sai kuma tukuicin da masu saye suke ba shi. Idan ruwan sama ya hana wasa, ko 'yan kallo ba su zo ba, sai ya koma gida da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wurare da dama wanda ya daɗe a aiki shi ne yake fara zaɓen kayan da zai sayar da ɓangaren da zai zaga. Tun da giya ta fi gyaɗa da ruwa tsada, kamashonta ya fi yawa, shi ya sa tsofaffin hannu suke zaɓenta.

Abin da doka ta ɗora masa

Tun bayan dokar tarayya ta 1984, jihohin Amurka suka tsayar da shekara 21 ta zama mafi ƙanƙantar shekarun sayen giya. Mai talla ne zai duba katin shaidar mai saye. An hana shi sayar wa wanda ya riga ya bugu, kuma filaye da yawa sun ƙayyade giya biyu ga mutum ɗaya a ciniki ɗaya. Idan ya karya doka, zai iya rasa aikinsa, a ci shi tara, kamfanin kuma ya shiga matsala da lasisinsa. A jihohi da yawa, wanda bugagge ya ji wa rauni yana iya kai ƙarar wurin da aka sayar da giyar.

Waɗannan dokoki suna da dalili. Ran 4 ga Yuni 1974, ƙungiyar birnin Kilibland ta karya farashin kofin giya zuwa santi 10 don ta jawo 'yan kallo a wasanta da ƙungiyar Tezas. Mutum kusan 25,000 suka zo. A zagaye na tara bugaggu suka kutsa cikin fili, faɗa ya ɓarke, alƙalan wasa suka tsayar da wasan suka ba Tezas nasara. A yau yawancin ƙungiyoyi suna daina sayar da giya bayan zagaye na bakwai, don mutane su ɗan farfaɗo kafin su tuƙa mota zuwa gida.

Amma neman riba bai daina jan igiyar ba. A 2023 aka sa agogo don a hanzarta wasa, tsawon wasa ya ragu da fiye da minti 20. Lokacin ciniki ya ragu ke nan, sai waɗansu ƙungiyoyi, har da ta Tezas da ta Arizona, suka miƙa sayarwar zuwa zagaye na takwas.

Inda matsalar take

A nan ne ya kamata mai hidima ya lura sosai. Kuɗin mai talla yana ƙaruwa ne da yawan abin da ya sayar, amma shi ɗin ne kuma aka ce ya ƙi sayarwa. Mutumin da ya fi saye, ya fi ba da tukuici, sau da yawa shi ne wanda ya kamata a hana. Masu kamfani sun tsara farashi da lokaci suna zaune a ofis. Mai tallar da ke tsaye a matakala, da kaya a kafaɗa, mutum goma suna kiransa, shi zai dubi idon mai saye ya yanke hukunci cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma duk ƙin da ya yi daga aljihunsa yake fita.

Yawancin ikkilisiyoyinmu sun hana sha da dafawa da sayar da giya, ba kuma muna neman a sassauta wannan ba. Amma ɗan'uwan da ke Amurka yana iya yin sujada tare da masu bi waɗanda ba su ɗauki shan giya kaɗan a matsayin zunubi ba. Idan muka ce masa "haramun ne" muka kashe waya, ba mu taimake shi ba. A Romawa sura 14 da 1 Korantiyawa sura 8, Manzo Bulus ya koyar a kan lamiri da kuma sa ɗan'uwa tuntuɓe. Daga nan za mu tambaye shi: Lamirinka yana kwance? Ka taɓa sayar wa wanda ka san ya bugu don kana bukatar kuɗin haya? Wasannin Lahadi da rana suna hana ka sujada? Kai da kanka ka taɓa fama da sha?

Bayan haka sai mu nemi mafita tare da shi. A fili ɗaya ana tallar ruwa, lemo, gyaɗa da abinci, ko da yake samunsu bai kai na giya ba. Idan muka shawarci mutum ya karɓi ragin kuɗi saboda bangaskiyarsa, wajibi ne ikkilisiya ta san yawan ragin, ta kuma tsaya tare da shi. Wannan ya shafe mu a gida ma. Gwauruwar da take dafa burkutu don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, muna sa ta ƙarƙashin horo, amma ba kullum muke tambayar abin da za ta ci gobe ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane ne ya fi ɗaukar alhakin buguwar ɗan kallo: mai sha, mai talla, ko masu kamfani? Ba da dalilanka.
2. Waɗanne sana'o'i ne a yankinka ake biyan ma'aikaci bisa yawan ciniki har ya shiga irin wannan jaraba?
3. Wane taimako na zahiri ikkilisiyarka ta tanada wa wanda ya bar sana'a saboda lamirinsa?