Garkuwar Ƙarƙashin Mota a Hanyoyin Ƙasar Bagudo

Duk wanda Allah ya nufa da tafiya a yammacin Jihar Kebbi, ya ƙetare Kwara a ƙasar Bagudo ya nufi Ka'oje ko Illo, ko Lolo da Tsamiya inda Nijeriya ta haɗa kafaɗa da Jamhuriyar Benin, zai tabbatar da cewa kwalta, a inda ma aka same ta, ba ta raka mutum sai zuwa manyan garuruwa, alhali kuwa fadamun shinkafa da lambunan albasa, da rugagen Fulani, da ƙananan kasuwannin da arzikin ƙasar ke fitowa daga cikinsu, suna can inda hanya ta koma sawun taya biyu da tudu a tsakani. Tun shekarar 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Bargu a bisa takarda, Illo da Busa suka faɗo wannan ɓangare, Nikki ta faɗa wancan. Amma zumunci da fatauci ba su yanke ba, har yau mutanen Illo na da dangi a Malanbil, na Tsamiya na cin kasuwa da na Segbana, kuma mota mai jan ƙafa huɗu ita ce ta gaji jaki da raƙumi a wannan zirga-zirga. Saboda haka mas'alar kare cikinta ba ado ba ce, tana cikin babin kiyaye dukiya, wani lokaci ma har da kiyaye rai, domin lalacewar mota cikin daji da dare a wannan zamani ba ƙaramar musiba ba ce.

Mai mota yakan san fentinta da kujerunta da ƙarar rediyonta, amma ƙalilan ne suka taɓa kwanciya suka leƙa ƙarƙashinta, inda kuwa can ne rayuwarta take. A gaba akwai gindin lagireto, bayansa kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji, sa'an nan giya, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da farfela, da tankin mai, da siraran bututun birki da ke bin gefen shasi. Mafi hatsari a cikinsu shi ne kaskon baƙin mai, tun da yake ko dai siririn ƙarfe ne mai lotsewa, ko kuwa zubin alminiyam mai tsagewa, kuma abin da ke cikinsa galibi bai wuce lita 5 zuwa 8 ba a irin waɗannan motoci; idan kututture ya huda shi man yakan tsiyaye cikin 'yan mintoci, idan kuma direba bai lura da jar fitilar da ta kama a gabansa ba, ko ya lura ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari, to, inji zai buga, a wayi gari ana neman kuɗin wani injin a kan abin da farantin ƙarfe ɗaya zai iya karewa. Ko lotsewa kawai kaskon ya yi bai fashe ba, yana iya toshe bakin bututun da ke zuƙo mai, illar ta zama ɗaya.

Magabatanmu a harkar tuƙi sun san wannan. Motocin Peugeot 504 da masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi ta haɗawa shekaru da dama bayan Turai ta bar yayinsu, an tanade su ne domin hanyoyin Afirka, da tsayi daga ƙasa da kariya a ƙarƙashin inji, shi ya sa akori-kurarsu ta yi suna a ƙauyuka. Amma motocin da suka biyo baya, waɗanda muke kira 'yan Kwatano, an ƙera akasarinsu ne domin shimfiɗaɗɗun titunan Turai da Amurka, abin da ke ƙarƙashinsu kuwa faifan roba ne wanda aikinsa kare fantsamar ruwa da sauƙaƙa ratsa iska, ba ya tsayawa gaban dutse ko itace. Sau da yawa ma kafin motar ta iso hannun mai ita na uku wani bakanike ya cire shi ya jefar, don yana hana shi kaiwa ga noti. Hilux da Land Cruiser sukan zo da faranti na ƙarfe daga masana'anta, sai dai siriri ne, kuma ba ko'ina ya rufe ba.

Kafin mutum ya tambayi kaurin ƙarfe, wajibi ne ya tambayi kansa wace ƙasa yake bi, domin fatawa takan bi halin mai tambaya. Hotunan da matasa ke gani a intanet, na motocin da aka lulluɓe cikinsu da ƙarfe tun daga gaba har baya, na masu hawan duwatsu ne don nishaɗi a wasu ƙasashe, waɗanda ke jan cikin mota a kan falalen dutse da gangan. Abokan gabar direban Bagudo dabam ne: kututturen da ciyawa ta ɓoye a hanyar da aka share cikin gona, da dunƙulen marmara da ruwa ya tone ya bari a tsaye, da gaɓar kwazazzabo inda gaban mota ke dukan ƙasa, da kuma, fiye da kome, tudun nan na tsakiyar hanya wanda manyan motocin ɗaukar shinkafa da albasa ke bari idan sun zurfafa sawu da damina, rana ta zo ta busar da shi ya yi tauri. Ga shi kuma Kwara na cika sau biyu a shekara, farin ruwa na ruwan saman yankinmu wajen Agusta da Satumba, da baƙin ruwa mai tasowa daga tsaunukan Gini wanda ba ya isowa sai cikin hunturu, har ya zama hanyoyin bakin fadama na iya kasancewa da taɓo a lokacin da na tudu ke tashin ƙura. Irin wannan ƙasa tana bukatar faranti mai santsi wanda mota za ta zame a kansa, ya kuma jure duka ɗaya mai ƙarfi na ba-zata, ba tulin ƙarfe ba.

A nan ne lissafi ke shigowa. Farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3 yana da nauyin kusan kilo 24 a kowace murabba'in mita, mai milimita 6 kuwa kilo 47. Alminiyam bai fi sulusin nauyin ƙarfe ba sai da kaɗan, don haka mai milimita 6 nasa kilo 16 ne kawai, sai dai dole a ninka kaurinsa kafin ya kusanci juriyar ƙarfe, ga tsada. Wanda ya ɗauka kauri shi ne aminci, ya sa aka rufe masa murabba'in mita biyu da ƙarfe mai milimita 6, ya ɗora wa motarsa kusan kilo 100 da ba za ta taɓa saukewa ba, za ta sha mai dominsa kullum, gabanta ya sunkuya, ta ƙara kusantar abin da ake gudu. Mayaƙan dā sun san haka game da lifidi: dokin da aka lulluɓe da shi kibiya ba ta samunsa, amma ba ya sukuwa mai nisa, shi ya sa ba kowane barde ake sa wa shi ba. A ra'ayina, ga mutumin wannan yanki baƙin ƙarfe mai milimita 3 zuwa 4 ya wadatar, musamman idan an lanƙwasa gefunansa ko an yi masa ƙirji, domin lanƙwasa na ƙara wa faranti ƙarfi ba tare da ƙarin nauyi ba. Babbar hujjata a kan fifita ƙarfe ita ce gyara: idan ya lotse, kowane mai walda a Bagudo ko Ka'oje zai kwance shi ya buge ya mayar, alminiyam kuwa idan ya tsage sai an nemi mai na'urar walda ta musamman a babban birni. Aibin ƙarfe tsatsa ne, maganinta fenti da wanki.

Game da abin da za a rufe, farantin gaba mai kare lagireto da kaskon mai shi ne farilla. Na giya da akwatin raba ƙarfi mustahabbi ne mai ƙarfi, musamman ga doguwar mota wadda tsakiyarta ke taɓa ƙasa idan ta hau tudu. Na tanki kuwa ya dogara ga inda tankin yake da abin da aka yi shi da shi. Kan aksul na baya, ko da yake shi ne mafi kusa da ƙasa, ƙaƙƙarfa ne, kuma tsayinsa na bin girman taya ne kawai, babu farantin da zai ɗaga shi.

Amma inda aka fi yin ɓarna, kuma inda nake roƙon mai karatu ya fi mai da hankali, shi ne wajen ɗaurawa. Faranti ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi ga abin da aka ɗaure shi a jiki. Idan an ɗaure shi ga shasi, shasi ya ɗauka, idan kuwa an jingina shi da inji ko giya, to an tattara dukan ne an kai shi daidai wurin da ake son karewa. Lalle ne a bar tazarar da yatsa zai shiga tsakaninsa da kasko, saboda inji na motsi a kan robobinsa, kuma faranti na bukatar wurin lotsewa. Kada a yarda a manne shi da walda a jikin shasi, ko da mai walda ya ce ya fi sauri da araha, domin zafin wuta na raunana ƙarfen shasi, kuma ranar da za a sauke giya sai an yanke. Noti ake sawa, a ramukan da masana'anta ta riga ta tanada in akwai, a kuma nutsar da kawunansu don kada ƙasa ta cinye su a kasa kwancewa. Walda kusa da tankin fetur kuwa jefa kai ne cikin halaka. A buɗe ƙofa daidai notin juye baƙin mai, in ba haka ba bakanike zai kwance farantin sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya jingine shi a bango. Masu RAV4 da Highlander da makamantansu su sani cewa motocinsu ba su da shasi mai zaman kansa irin na Hilux, jikinsu ba zai ɗauki faranti mai nauyi ba, kuma babu garkuwar da za ta mai da su abin da ba a ƙera su dominsa ba.

Kowace maslaha kuma tana tafe da mafsadarta. Faranti na rage tsayin mota da santimita ɗaya ko biyu, don haka a auna tsayin da kaya a kanta, ba tana wofi ba. Yana tara laka, lakar ta riƙe danshi ta haifar da tsatsa, ta kuma hana iska sanyaya giya, sai an huda masa ramukan zubarwa. Mafi muni ita ce busasshiyar ciyawa ta lokacin kaka da hunturu, wadda ke cushewa tsakaninsa da salansa mai zafi har ta kama da wuta, gobarar ta ci mota, ta iya tsallakawa gonar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ruwa kuwa faranti ba ya hana shi kome. Wanda ya ratsa mai zurfi ya duba man aksul da na giya, in ya ga ya yi fari kamar madara ya canza shi nan da nan.

Malamai sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, amma kuma sababi ba lasisin ganganci ba ne, domin na sha ganin direban da sa garkuwa ya ƙara masa gudu a inda dā yake takawa a hankali. Ya kai mai mota, da kai direban da aka ba amanarta, kafin damina mai zuwa ta sauka ku kai ta kan rami ku duba cikinta da idanunku, ku sa a ɗaura farantin gaba da noti a jikin shasi, ku riƙa kwance shi kuna wankewa bayan kowace tafiyar taɓo, kuma inda ciyawa ta rufe hanya ku sauke yaron mota ya taka da ƙafa tukuna.