Samsung Galaxy S24 Ultra: Abin Da Mai Saye A Ajingi Da Gaya Ya Kamata Ya Sani

Samsung ya fitar da wannan waya a Janairun 2024. Gefenta na ƙarfen titanium ne, fuskarta inci 6.8, gilashinta Gorilla Armor kuma yana rage ƙyalli, don haka ko da tsakar rana a gona za ka karanta saƙo ba sai ka nemi inuwa ba. Tana da matakin kariya na IP68, ƙurar hunturu ba ta shiga cikinta.

Babbar kyamararta megapiksel 200 ce, amma a saitin da ta zo da shi tana haɗa ɗigo 16 su zama ɗaya, hoton ya fito a megapiksel 12 mai haske ko da magariba. Akwai wata mai megapiksel 50 da ke jawo abu kusa har ninki biyar: dillali a kasuwar shanu ta Wudil zai ɗauki sa daga nesa, mai saye ya ga lafiyarsa sarai. Sai dai WhatsApp yana matse hoto, saboda haka ka tura shi a matsayin fayil.

Batirinta 5,000mAh ne, amma babu kan caja a kwali. Inda wuta ba ta tsayawa, ka nemi caja mai wat 45 ta asali, domin jabu na lalata batir.

Kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhajarta shekara bakwai. In za ka saya a Farm Centre, danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta jikin kwali kafin ka biya.