LABARIN MUTUM SHIDA DA SANDA GUDA

Ka sani, ya kai mai karatu, cikin wasannin guje-guje akwai wani tsere da ake ce da shi tseren miƙa sanda. Mutum huɗu ke haɗuwa su zama ƙungiya guda, kowane ɗayansu ya zagaya fili sau ɗaya, watau mita 400, yana riƙe da 'yar sanda wadda tsawonta bai wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu ba, sa'an nan ya miƙa wa ɗan'uwansa. An yi ƙa'ida, ba a miƙa ta sai cikin wani wuri da aka shata mai tsawon mita 20. Wanda ya miƙa a waje, to, ya ɓata gudunsa da na 'yan'uwansa duka.

Fataken da ke ratsa dajin Birnin Gwari a zamanin da sun san irin wannan sha'ani. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana da uban dawaki, amma ba a cewa ayari ya sauka lafiya sai jakin ƙarshe ya shigo zango. Haka tseren nan yake.

A shekarar 2000 aka yi babban taron wasannin duniya na Olamfik a birnin Sidini na ƙasar Ostareliya. Nijeriya ta fitar da mutum shida saboda wannan tsere: Clement Chukwu, da Jude Monye, da Sunday Bada, da Enefiok Udo-Obong, da Nduka Awazie, da Fidelis Gadzama. Babbansu a shekaru da suna shi ne Bada, wanda aka haifa a Kaduna cikin 1969, ɗan sanda ne kuma. Sau biyu yana zuwa na biyu a gasar duniya ta cikin ɗaki, a 1993 da 1995, bai karaya ba, har ya zo na ɗaya a Faris cikin 1997. Duk da haka, a Sidini babu ko ɗaya cikin shidan da ya sami lamba a tseren da kowa ke yi don kansa.

Awazie da Gadzama sun yi gudu a zagayen share fage, suka taimaka aka kai ga ƙarshe, kana suka koma gefe. Ran 30 ga Satumba Chukwu ya fara, ya miƙa wa Monye, Monye ya miƙa wa Bada, Bada kuwa ya damƙa sandar a hannun Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18, alhali Nijeriya tana ta huɗu. Mutanen Amurka sun riga sun yi nisa. Yaron nan ya bi sawu da haƙuri, bai zuba ƙarfinsa tun farko ba, sai da aka miƙe hanyar ƙarshe ya wuce mutumin Bahamas, ya kuma cim ma na Jamaika dab da layi. Nijeriya ta gama cikin minti 2 da daƙiƙa 58.68, Jamaika kuwa minti 2 da daƙiƙa 58.78. Tsakaninsu ushirin daƙiƙa ne kawai, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Aka ba Amurka zinariya, Nijeriya azurfa.

Aka watse, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. Cikin 2008 ɗaya daga mutanen Amurka, Antonio Pettigrew, ya amsa a gaban kotu cewa yana amfani da magungunan ƙara ƙarfi waɗanda aka haramta, har a lokacin wasannin Sidini. Michael Johnson, wanda ya yi musu gudun ƙarshe, ya ce zai mayar da tasa lambar, domin ba ya son riƙe abin da ba a samu ta hanyar gaskiya ba. A watan Agusta na shekarar hukumar Olamfik ta ƙwace nasarar daga ƙungiyar baki ɗaya. Dubi yadda ha'incin mutum ɗaya ya cinye gumin abokansa, kamar yadda mudun algus guda ke zubar da mutuncin rumfa.

Amma fa hukumar ba ta yi hanzarin mayar da haƙƙi ga masu shi ba. Shekara huɗu ana jira. Bada a lokacin shi ne daraktan horo na hukumar guje-guje ta Nijeriya, yana renon na baya. Ran 12 ga Disamba 2011 ya faɗi a babban filin wasa na Ikko, rai ya yi halinsa, yana da shekara 42. Bayan wata bakwai, cikin Yuli 2012, aka tabbatar wa Nijeriya zinariya, Jamaika azurfa, Bahamas tagulla. Ya bar duniya ana kiransa mai azurfa, alhali tun ranar da ya miƙa sandar nan shi mai zinariya ne.

Abin lura a nan, zinariyar ba ta tsaya ga yaron da aka yi wa tafi kaɗai ba. An rubuta ta da sunan mutum shida: huɗun da suka yi gudun ƙarshe, har da wanda ke kabari, da biyun da suka share fage suka koma kallo. Sandar kuma ba ta faɗi ba bayansu, gama a Atina cikin 2004 Udo-Obong ya sake karɓarta tare da sababbin abokai, Musa Audu da James Godday da Saul Weigopwa, suka zo na uku.

To, samarin Tabanni da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari masu sha'awar tsere, da malaman da ke da almajirai, da attajiran da ke da yaran kasuwa, kowa akwai sandar da aka damƙa masa. Wanda ya karɓa ya riƙe da amana, ya miƙa a inda aka shata. In an danne masa haƙƙi kuwa ya yi haƙuri, gama na mutanen nan shida sai da ya shekara 12 kafin ya iso.

Allah Ya sa mu dace. Tamat.