Alkawari da ƙarancin wuri: yadda cibiyar Linux ke yi idan ma'adana ta cika

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba abin da ke faruwa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa sa'ad da ma'adanarta ta cika. Mun ɗauki misalin Linux, tsarin da Linus Torvalds ya fara fiddawa a Helsinki a 1991. Kalmomi uku za su riƙa dawowa. «Cibiya» muke kiran abin da ake ce wa noyau da Faransanci, wato sashen tsarin da ke raba wa kowa wuri da lokaci. «Ma'adana» ita ce mémoire vive, wadda abin cikinta ke gushewa da zarar an kashe na'ura. «Aiki» kuwa shi ne processus, wato shiri yayin da yake gudana.

1. Asalin matsalar

Cibiya tana raba ma'adana shafi-shafi. A yawancin na'urori shafi ɗaya okte 4096 ne. In aiki ya nemi wuri, cibiya takan ce masa «to» ba tare da ta ba shi ko shafi guda ba. Sai ya zo rubutu a wurin sannan take ware masa shafin. Dalili shi ne ayyuka sun saba neman fiye da buƙatarsu. Saboda haka jimlar alkawura takan zarce abin da ke hannu, tamkar ma'ajin da ya dogara cewa masu ajiya ba za su zo karɓa rana ɗaya ba. To amma alkawari kaya ne.

2. Matakan farko

Idan shafuna suka yi ƙaranci, cibiya tana da dabaru uku:

(a) ta saki kwafin fayilolin da asalinsu ke bisa faifai, tun da ana iya sake karanto su;
(b) ta rubuta bisa faifai waɗanda aka yi wa canji, sannan ta sake su;
(c) ta kwashe shafunan da ayyuka suka daɗe ba su taɓa ba zuwa wani fili na faifai da aka keɓe don musaya.

Da yake faifai bai kai ma'adana sauri ba, a nan ne na'ura kan yi nauyi har ta yi kamar ta daskare.

3. Zaɓen wanda za a kashe

In duk wannan bai wadatar ba, lokacin ƙin amsa ya wuce, domin an riga an ce «to». Sai cibiya ta kashe aiki guda don saura su tsira. Tun daga Linux 2.6.36, a 2010, ƙa'idar zaɓen mai sauƙi ce: kowane aiki yana samun maki gwargwadon wurin da ya mamaye, a ma'adana da filin musaya. Mai maki mafi yawa ake aika wa sigina mai lamba 9, wadda ba a iya tarewa ko ƙyalewa. Aiki mai lamba 1, tushen sauran, ba a taɓa shi.

Ya kamata mu lura cewa ma'aunin nan na girma ne, bai san laifi ko daraja ba. Idan aikin da ya fi girma shi ne mai riƙe da ƙamus ɗin da ake gyara tun safe, shi zai tafi, tare da duk gyaran da bai kai faifai ba.

4. Abin da mai kula da na'ura ke iyawa

Hanyoyi biyu gare shi. Ta farko, kowane aiki yana da fayil mai suna oom_score_adj, inda ake sa lamba daga -1000 zuwa 1000. Wanda aka ba -1000 ya fita daga zaɓen. Ta biyu, a sa 2 cikin overcommit_memory: sai cibiya ta tsaya ga iyaka, wadda bisa al'ada ita ce filin musaya haɗe da rabin ma'adana, ta ƙi duk roƙon da ya wuce ta. Illarta ita ce akan hana aiki wuri alhali akwai shafunan da ba kowa a kai.

5. Kammalawa

Mun ga cewa kisan ba kuskure ba ne, biyan bashin alkawarin da aka ɗauka tun farko ne. Ko dai a ce «a'a» da wuri a yi asarar wuri, ko a ce «to» a yi asarar aiki daga baya. Wanda bai zaɓa da kansa ba, cibiya za ta zaɓar masa.