Ko Kun Sani? Mutum Nawa Za Su Sha Magani Kafin a Ceci Ɗaya?

Masana kiwon lafiya suna da ma'aunin da ke nuna ainihin amfanin magani: mutum nawa ne za su sha shi kafin a kare mutum ɗaya daga cuta ko mutuwa. Masu bincike uku na jami'ar McMaster ta Kanada, Laupacis da Sackett da Roberts, su ne suka gabatar da shi a 1988. Ƙarancin adadin alama ce ta ƙarfin amfanin maganin.

Alal misali, binciken MORDOR, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin azithromycin sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A jihar Dosso ta Nijar, mace-macen yara sun ragu da kusan kashi 18 cikin 100. A ƙauyukan da ba a ba da maganin ba, kimanin yara 27.5 cikin 1,000 ne ke rasuwa a shekara. Inda aka ba da shi kuwa, 22.5. Bambancin 5 ne cikin 1,000. Idan aka raba 1,000 da 5, ana samun 200: sai an ba yara kusan 200 maganin tsawon shekara kafin a ceci rai ɗaya.

Adadin yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Inda mace-mace ba su da yawa, yakan ƙaru. Shi ya sa lissafin ƙauyukan Dosso ba lallai ne ya zama na Tondibia da ke gefen Yamai ba. Kowane yanki yana buƙatar nasa alƙaluman.