Lissafin kasuwa da takardar haraji: a gama tun da sauran lokaci

A kasuwannin Gaya da Ajingi, ciniki ya fi kankama bayan kaka, lokacin da hatsi da gyaɗa da riɗi ke shigowa. A lokacin ne kuma lissafi ke dagulewa: bashi a baki, rasiɗi a aljihun riga, sauran kuɗin an turo ta waya ko ta mai POS.

Doka ta ba mai sana'ar kansa wa'adin 31 ga Maris ya miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata ga Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano, KIRS. Mai ma'aikata da ke cire musu haraji daga albashi, nasa wa'adin 31 ga Janairu ne. Kamfani mai rajista kuwa yana da wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa, kuma hukumar haraji ta tarayya yake kai wa nasa bayanin.

Sabbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Amma fa ba a yafe rubutu ba. Wanda ba shi da littafin da ke nuna kuɗin saye, na mota da na 'yan dako, jami'in haraji zai yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba ya yi wa ɗan kasuwa sauƙi.

Shi ya sa gara a riƙa rufe littafi duk ƙarshen wata, a raba asusun shago da na cefanen gida. Takardar shaidar biyan haraji, wadda ake nema wajen kwangilar gwamnati, tana duba shekara uku baya.